Abin da Ya Shaƙe Taraktar Masta Zuberu

Kwana huɗu ƙungiyar manoman Maamobi ta ba Masta Zuberu. Idan ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, tarakta ta ja tirela cike da mutane daga bakin babbar kwata, magudanar ruwan unguwa, ta haye tudu har kasuwar Nima, za ta ci gaba da zama tarakta. Idan ta kasa, Hudu maƙeri zai zo daga Alajo da guduma da zarton ƙarfe, ya mai da ita fartanyu da murhun gawayi. Alhaji Ganiyu, shugaban ƙungiya, shi ya yanke wannan hukunci, kuma ya yanke shi cikin tausasawa, yana riƙe da hannun Zuberu kamar mai ta'aziyya.

Ƙungiyar manoma ce wadda mutum uku kawai a cikinta suka taɓa riƙe fartanya. Sauran teloli ne da mahauta da masu gadin gidajen manya, sai wani mai gyaran agogo. An kafa ta a saba'in da biyu, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya noma abin da zai ci. Aka ba ta wata jar tarakta da ta riga ta gaji a gonar gwamnati, aka haɗa mata da Zuberu, wanda shi ma daga gonar aka sallamo shi. Sun yi noma na wasu shekaru a wani fili can bayan Pokuase, wato Zuberu ya yi noma, ƙungiya ta yi taro. Da dizal ya ɓace daga gari, sai ya shigar da taraktar ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gidansa. Ta yi shekara biyu a nan, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Yunwar tamanin da uku ce ta tuna wa teloli cewa su manoma ne. Ruwa ya ƙi, daji ya ƙone, ga kuma 'yan ƙasa da aka koro daga Najeriya sun cika unguwa da jakunkunansu. Wanda ya ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa a wannan shekara ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan noma. Saboda haka da watan Maris na tamanin da huɗu ya shigo, hadari ya fara haɗuwa ta wajen teku, Alhaji Ganiyu ya bi ofis-ofis da babbar rigarsa har ya samo rabin duro na dizal. Ranar Litinin da hantsi aka turo taraktar waje.

Batir ya daɗe da mutuwa, don haka turawa aka yi a gangare. Ta yi tari sau uku, ta kama. Mutane suka yi kabbara. Sai dai hayaƙin da ya fito daga salansa baƙi ne wuluk, mai kauri, har matan maƙwabta suka ruga kwashe shanya. A tsaye tana kaɗawa, ko da yake da nishi. Da aka ɗaura mata tirela wadda babu kowa a ciki, Zuberu ya sa giya ya saki kuloci, ta yi taku goma ta shaƙe ta mutu. Aka sake turawa, ta sake yin haka. A karo na huɗu masu turawa suka tuna cewa suna da shaguna.

Daidai lokacin Lariba, matar Zuberu, ta dawo daga kasuwar Malata inda take sayar da koko. Ta tsaya a bakin ƙofa da bokiti a ka, tana kallon hayaƙin da ke bajewa, ta tambaye shi ko har ya riga ya tayar. Ya ce mata ga shi kuwa tana gani. Ta daɗe ba ta sauke bokitin ba. Zuberu ya ɗauka mamakin gwanintarsa ne ya kama ta, ya ji daɗi kaɗan a cikin baƙin cikinsa.

Da yamma ƙungiya ta zauna. Hujjar masu son a yanka ba ta banza ba ce, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Zuberu rai. Ruwa na tafe, fartanya babu a kasuwa, ƙarfe kuma babu. Injin da ba ya jan kansa ba zai ja garma ba. Jikin tarakta ɗaya zai ba kowane gida fartanya, har a samu ragowa. Zuberu ya ce a ba shi wata guda. Alhaji ya ce hadari bai ba kowa wata guda ba.

Shekara ashirin da ɗaya ke nan Zuberu yana tare da wannan tarakta. Tana sabuwa aka damƙa masa ita a gonar gwamnati, shi kuma yana da gashi a kansa. Wanda ya koya masa aikin wani Bature ne daga gabashin Turai, wanda ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci, sai nuni da zagi a cikin harshensu. Darasin farko da ya ba shi ba na sitiyari ba ne. Ya kai shi gefen inji, ya nuna masa wani dogon bututu mai hular ƙarfe, wanda ya gangara cikin wani tulu, tulun kuma yana da tasa a gindinsa. Ya kwance tasar, ya nuna masa baƙin mai a ciki daidai wani layi. Sannan ya kama hancin Zuberu da yatsu biyu ya matse, ya ƙi saki sai da idanunsa suka kawo ruwa. Daga ranar Zuberu ya gane filtar iska. Iska ta shigo ta ƙarƙashin hula, ta gangara bututu, ta daki mai, ƙurar da ke cikinta ta nutse, ita kuma ta haura ta cikin soson waya ta shiga inji a wanke. Kowace safiya ta aiki, kafin ya sha koko, yakan kwance tasar ya tsoma yatsa. In laka ta kai gaɓa ɗaya, ya zubar, ya wanke da kananzir, ya zuba sabon mai zuwa layi. Bai taɓa tsallake rana ba, kuma babu wanda ya zauna da shi minti goma bai ji wannan labari ba.

Shi ya sa da ya zauna ranar Talata da safe yana lissafa abin da zai iya hana inji ƙarfi, filtar iska ce abu na farko da ya cire daga lissafi. Ranar da ya ajiye taraktar, da hannunsa ya wanke ta, ya zuba mai, ya ɗaure. Inji bai kaɗa ba tun daga ranar sai jiya, ƙura ba ta da hanyar shiga. Mutumin da ya san aikinsa ba ya ɓata lokaci a inda ya san babu laifi.

Sai ya fara da dizal. Ya wanke tanki, ya hura bututai da bakinsa, ya fitar da iskar da ta maƙale a famfo. Aka tura, ta yi baƙin hayaƙi, ta mutu. Kafin azahar benci biyu sun cika a gindin dalbejiyar ƙofar gida, kuma duk wanda ya zauna a kai ya zama injiniya. Mai gyaran agogo ya ce fistin ne, don shi ya ji wani sauti a ciki da bai yi masa ba. Wani mahauci ya ce dizal ɗin da Alhaji ya samo an sirka shi da ruwa, ya faɗa a hankali don kada ta koma kunnen Alhaji, ta kuwa koma kafin la'asar. Wani dattijo ya kawo rubutu a kwalba ya ce a zuba mata. Zuberu ya karɓa da hannu biyu ya zuba a lagireto, tunda dama lagireton na bukatar ruwa.

Ranar Laraba ya cire nozul huɗu masu fesa dizal a cikin inji, ya naɗe su a tsumma, ya shiga trotro, ƙaramar motar haya, zuwa Kokompe, unguwar masu gyaran injuna, don a gwada su. Ya yi fatan a ce masa sun lalace. Mai gwajin ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi feshi lafiya lau, ya miƙo masa su yana yaba yadda aka kula da su. Zuberu bai taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba. Ya dawo ya tarar da Hudu maƙeri a tsakar gida, yana auna bonet da taƙin hannu, leɓunansa suna motsi.

Hudu ya ji kunya. Ya ce wallahi wucewa yake yi, ya ce bari ya gaishe da Masta. Ya ce shi ma ba ya so, aikin da aka sa shi ne. Zuberu ya san gaskiya yake faɗi. Hudu yana cikin waɗanda aka koro daga Legas, ya sauka a wannan gida da riga ɗaya, ya yi wata huɗu yana cin tuwon Lariba kafin ya samu rumfa a Alajo.

"Fartanya nawa ka samu a bonet ɗin?" Zuberu ya tambaye shi.

"Haba Masta."

"Ka faɗa mana, ai ka gama aunawa."

"Goma sha ɗaya," in ji Hudu, yana kallon ƙasa. "In an yi tattali, sha biyu."

Gidan Zuberu gidan saukar baƙi ne tun zamanin ubansa, wanda ya zo daga arewa da fataucin goro. A zango, gida irin wannan ba ya tambayar baƙo yaushe zai tafi. A tamanin da uku mutum ashirin da wani abu sun kwana a cikinsa, wasu a zaure, wasu a cikin tirelar taraktar. Zuberu ya buɗe musu komai. Buhun garin kwaki ya tafi, wake ya tafi, kajin da ke ƙwai a ƙarƙashin tarakta suka bi bayan ƙwansu. Har masarar iri ta ƙungiya, wadda aka ba shi ajiya, ya sa aka kai inji aka niƙa, ya ce wanda ya mutu bana ba zai yi shuka baɗi ba. Unguwa ta yabe shi ƙwarai. Shi ke bayarwa, Lariba ke tsayawa a gaban tukunya tana raba abin mutum takwas ga mutum ashirin, kuma ba a cika yabon mai riƙe da ludayi ba.

Ranar Alhamis ya mayar da nozul, aka tura, ta yi abin da ta saba. Masu benci suka fara magana a kanta kamar yadda ake maganar mamaci, ana tuna alherinta. Da aka kira la'asar suka watse, kuma ba su dawo ba, don babu sauran abin kallo. Zuberu ya yi salla a gida, ya zauna a kan tayar gaba da sifana a hannu. Abin da ya rage shi ne ya buɗe kan inji, kuma ya san in ya buɗe ba shi da abin da zai mayar ya rufe da shi.

Sai ga Lariba ta fito da kwanon wanki, da tsumma, da kwalbar kananzir ɗin fitilarsu, wanda ta yi layin yini guda kafin ta samu. Ta ajiye su a gabansa. Ta leƙa zaure ta tabbata babu kowa, ta rufe ƙofa.

"Maigida, ka wanke tukunyar nan ta gefe."

Ya ce mata tukunyar a wanke take. Ta tambaye shi yaushe ya wanke. Ya ce ranar da ya ajiye, kuma tun da take da shi ta taɓa ganin ya bar ta da datti? Ya fara ba ta labarin Baturen da ya matse masa hanci. Ta bar shi ya kai tsakiya, wanda ya fi inda ta saba bari ya kai.

"Ka cire hular ka leƙa," ta ce. "Akwai kayana a ciki."

Zuberu ya dube ta, ya dubi bututun. Ya hau kan taya, ya murɗe hular ta fita, ya sa ido. Babu abin da ya gani sai duhu, alhali ya kamata ya hango ƙyallin mai a ƙasa. Ya sauko. Ya kwance maɗaurin tasar, ya sauke ta da hannu biyu. Abin da ke ciki ba mai ba ne kuma, wata laka ce toka-toka mai kauri kamar kunun da ya kwana, da 'yan ƙwayoyi farare a nutse. Ya kwance tulun gaba ɗaya, ya kwantar da shi a kan tabarma, ya ɗauko sandar tsintsiya ya zura ta ƙasa ya tura. Da ƙyar abin ya motsa. Wani dogon ƙunshi ya fito ta sama, sannan na biyu. Hannuwan riga ne na kaki, an ɗinke bakin kowanne, an cusa su tam. Ya gane kakin. Rigar aikinsa ce ta gonar gwamnati, wadda ya nema ya rasa bara, har ya yi wata guda yana yi wa wani baƙo ɗan Kumasi kallon ɓarawo.

Fushi ne ya fara zuwa, kuma ya zo da hujjoji. Kwana huɗu ana masa dariya a ƙofar gidansa. Ya je Kokompe ya dawo a banza. Ya sha dizal har abinci ya daina ɗanɗano a bakinsa. An auna masa tarakta da taƙi a gaban idonsa. Ya buɗe baki zai fara daga farko, sai Lariba ta ɗauko faifai, ta sa haƙori ta tsinke zaren ƙunshi ɗaya, ta zazzage.

Masara ce fara, mai ƙananan ƙwayoyi, gauraye da toka. Ko ƙwaro ɗaya babu.

Ta ce irin mahaifiyarta ne daga Ejura, mai nuna a wata uku. Tsohuwar ta aiko mata da shi kafin ta rasu, rabin gwangwanin awo. Ranar da ya sa aka kai masarar ƙungiya inji, a ranar ta yanke hannuwan rigar.

"Da na ajiye a ɗaki, da ka bayar. Da na sa a ƙarƙashin gado, ai gadon ma ka bayar. Na duba gidan nan kaf, wuri ɗaya ne na san ba ka barin kowa ya taɓa."

Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa tun ranar Litinin. Ta ce ta ɗaura wa ƙunsan zare ta maƙale a bakin bututu don ta janyo in lokaci ya yi, ba ta san za a tayar ba tana kasuwa. Injin ya zuƙe su ciki har da zaren. Ranar Talata, yana masallaci, ta gwada da waya ta kasa. Daga nan ta zauna jiran ya wanke tukunyarsa kamar yadda ya yi shekara ashirin yana cika mata kunne cewa yana yi kowace safiya, ya gani da kansa. Sai ta ga ya shiga trotro.

"Kuma ƙofar gida cike da mutane," ta ce. "Rabinsu sun ci a nan. In faɗa a gabansu cewa matar mai masauki ta ɓoye hatsi baƙi suna kwana da yunwa? Kai za ka iya fita bayan haka?"

Zuberu ya zauna a kan tabarmar. Ya ɗebi masarar a tafin hannu, ya hure tokar. Ya tuna wata rana a cikin watan Yuli da aka shigo da Lariba daga bakin famfo, mata biyu suna riƙe da ita, aka ce jiri ne ya ɗebe ta. Ya tuna ya ce ta riƙa hutawa, ya koma zaure wajen baƙinsa. Daga inda ta kwanta a ranar zuwa wannan bututu bai fi taku goma ba, kuma rabin gwangwani yana yin kunu na kwana uku. A duk unguwar ya san gidajen da suka cinye irinsu, nasa ne na farko. Ƙungiya tana shirin shuka jar masarar agaji, wadda ba wanda ya san ko tana tsirowa. Ya nemi fushin da ya zo da shi, ya tarar ya yi sanyi, kuma ya ɗan ji haushin hakan, don fushi ne mai kyau.

"Maman Fusena," ya ce. Da sunan 'yarsu ta fari yake kiranta in maganar ta yi nauyi. "Allah Ya saka miki. Ni ban da abin da zan ce."

"To kada ka ce. Rana na tafiya."

Ya zazzage ƙunshi na biyu, ya haɗa masarar, ya miƙa mata faifan ya ce ta ajiye inda ta ga dama, kuma kada ta gaya masa wurin. Ta ce dama ba ta yi niyya ba.

Suka kama aiki. Ya kwashe lakar tasar da guntun katako, yana nuna mata. Tokar da ta zuba don ƙwari, injin ya ja ta ta cikin kakin, kuma da ta wuce ciki da ta cinye fistin kamar yashi, da yanzu aiki ya koma hannun Hudu. Man da ya zuba shekara biyu da suka wuce shi ya kama ta duka. Ya maimaita wannan sau biyu, don ta gane cewa a cikin wannan al'amari shi ma ya yi wani abu daidai. Ta ce ta gane.

Ya zuba kananzir a kwano ya fara goge tasar. Ta tsaya tana kallo har ta kasa daurewa, ta ce ba haka ake wanke tukunya ba, ta karɓe. Ta bi lungun bakin da tsinke, ta goge, ta ɗaga wa rana, sai ga layin mai ya fito fes, wanda shi ya daɗe yana gane shi da ƙiyasi. Shi kuma ya ɗauki tulun mai soson waya, ya tsoma a kananzir, ya girgiza, ya zubar, ya sake. Na farko ya fita kamar ruwan kwata, na biyu kamar shayi, na uku da ɗan haske. Kwalbar ta ƙare a nan, wato gidan zai yi mako yana kwanciya da wuri. Ya zura tsumma a sandar tsintsiya ya share cikin bututun har tsumman ya daina baƙi. Sannan ya kife tulun a kan duwatsu biyu inda rana ke bugawa, ya ce ba za a ɗaura ba sai gobe. In kananzir ya rage a cikin soson, inji zai sha shi ya yi ta gudu ba mai iya tsayar da shi, ya taɓa ganin haka sau ɗaya kuma ba ya son na biyu.

Sabon mai babu shi a gari. Yana da galan na tsohon baƙin mai da ya daɗe a ajiye har dattinsa ya kwanta. Lariba ta kawo tsohon ɗankwali, ta riƙe a bakin gwangwani, ya tsiyaya a hankali. Da safiyar Juma'a ya taɓa soson ya ji ya bushe, ya ɗaura tulun, ya zuba mai a tasa daidai layi, ya rage cokali ɗaya da ya ga ya haura, ya ɗaure, ya mayar da hula.

Bayan masallaci aka taru a bakin babbar kwata. Labari ya zaga, har waɗanda ba 'yan ƙungiya ba sun zo, don ba kullum ake samun kallo kyauta ba. Hudu ya zo da buhun kayan aikinsa, ya ajiye shi a bayan wata rumfa inda yake zaton ba a gani. Aka tura. Ta kama a tari na farko, ta yi baƙin hayaƙi sau ɗaya kamar mai kakkaɓe maƙogwaro, sannan hayaƙin ya koma siriri, da ƙyar ake ganinsa. Sautin ma ya canja, ya zama daidai, ba nishi. Mai gyaran agogo ya gaya wa na kusa da shi cewa dama ya ce fistin ne.

Alhaji Ganiyu ya ce a hau. Teloli da mahauta da masu gadi suka cika tirela da rigunansu na Juma'a, Alhaji a gaba yana riƙe da hularsa. Zuberu ya ce Hudu ma ya hau, da buhunsa, tunda guduma tana da nauyi kuma nauyi ake nema. Ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci. Tirela ta yi ƙara, ta biyo. A tsakiyar tudun, inda kwalta ta fashe, injin ya yi ƙasa da murya, tirela ta yi tsit. Zuberu ya ƙara totur kaɗan. Ta ja numfashi, ta ɗauka, ta haye da su har gaban masu sayar da doya. Wani direban trotro da ya biyo su a baya tun daga ƙasa yana ta oda, bai samu mai kula shi ba.

Ba a kashe injin ba, don babu mai sha'awar sake turawa. Alhaji ya sauko ya zo gefen sitiyari, ya ɗaga murya ya ce maganar yanka ta mutu, ranar Litinin a ɗaura garma a tafi Pokuase. Sannan ya tambaya.

"Masta, me ya same shi ne, injin nan?"

Mutane suka matso. Zuberu ya ga fuskoki da yawa da ya sani a bakin tukunyar gidansa.

"Iska ce ba ta samu, Alhaji. Bututu ya toshe. Wurin da ya kamata in fara dubawa, shi na ƙi dubawa."

"To wa ya gano?"

"Maman Fusena."

Dariya ta tashi har ta danne ƙarar injin. Wani tela ya ce to a ba ta sitiyarin, Masta ya karɓi bokitin koko. Mahaucin nan ya ce shekara ashirin ana ba su labarin hanci, ashe mai labarin ne ke da mura. Alhaji ya ce yoo, daga yau an san wanda za a riƙa aika wa takardar taro. Zuberu ya bar su suka yi son ransu. Ya lissafa cewa wannan dariya za ta bi shi shekara biyar, wataƙila har ƙarshen rayuwarsa, ya ga farashin bai yi tsada ba. Ba wanda ya tambayi abin da ya toshe bututun, don an samu abin da ya fi shi daɗi.

Aka watse, kowa ya nufi shagonsa. Hudu kaɗai ya rage a cikin tirela, zaune a kan buhunsa. Ya ce Masta, trotro ba ya yarda ya ɗauki wannan kaya, da ƙafa ya zo da shi tun daga Alajo. Zuberu ya ce ya gyara zama. Ya juya kan taraktar, ya bi ta Kotobabi a hankali, yana ɗaga wa mutane hannu, ya kai shi har ƙofar maƙera.